Neman Fuskar Malam Sale

Duk shekara idan aka turo mana masu koyon aiki a ɗakin adana tarihi na kwalejinmu a nan Azare, tambayarsu ɗaya ce, ko ba su furta ba ina ganinta a fuskarsu: wai shi tsohon nan me yake yi tun safe har la'asar? A ganinsu aikin bai wuce a ɗauko takarda, a ɗora a sikana, a danna, a mayar ba. Wata ma ta taɓa ce mini, cikin ladabi dai, "Baba, ai da waya ma sai a gama ɗakin nan kafin Juma'a." Na ce Allah ya yi miki albarka, fara da kwalin can na ƙasa. Ta buɗe, ta tarar da ambulan cike da hoto iri ɗaya, aji ɗaya, a gindin bishiya ɗaya. Ta ce to ai sai a zaɓi mai kyau a zubar da sauran. A nan nake cewa kowa ya nemi wuri ya zauna, domin amsar tana da ɗan tsawo, ni kuma ba na gajiya da ba da ita.

Ni kaina da irin wannan tunanin na shigo. Aikin jera littattafai aka ɗauke ni a laburare, sai aka ce in riƙa taya wani dattijo, Malam Isiyaku, wanda yake riƙe da ɗakin da ke bayan laburaren. Kowa sito yake ce wa ɗakin, shi kuwa idan kana neman ɓacin ransa, to ka faɗi haka a gabansa. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare ta ƙeya. Ba ya ɗaga murya, amma idan ya leƙo ka ta saman gilashi sai ka fara tunanin laifin da ka yi. Ranar da na fara zuwa, ban gama sallama ba ya miƙo hannu ya zare biron da ke aljihuna, ya jefa a durowa, ya ba ni guntun fensir. Ya ce, "Dauda, a ɗakin nan ba ma rubutu da abin da ba ya goguwa. Yau ka rantse wannan wane ne, gobe matarsa ta zo ta ce ba shi ba ne." Har ya yi ritaya bai dawo mini da biron nan ba.

Na daɗe ina shara da kakkaɓe kanta kafin ya yarda in taɓa hoto. Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini: burushi mai laushi irin wanda masu aski suke kaɗe wuya da shi, madubin ƙara girma, farin ƙyalle, ambulan, kwalaye, da wata siririyar wuƙa marar kaifi da muke raba takardun da suka manne. Kowace ƙafar kanta a cikin gwangwanin madara take, an zuba baƙin mai, don kada gara ta samu hanyar hawa. Lokaci-lokaci mu tsinko ganyen darbejiya, mu shanya a inuwa, mu cusa a kusurwar kwalaye. Yanzu an kawo mana kwamfuta da sikana da kyamara, na kuma gode Allah, ban taɓa raina su ba. Sai dai sikana ba ta san wane ne a cikin hoto ba, kuma ba za ta je gidan mutum ta zauna a zaure har ya yarda ya buɗe akwatinsa ba.

Bayan ruwa da gara, abin da Malam Isiyaku ya fi tsoro shi ne mai son taimako. Shi ne wanda zai ga tsohuwar takarda ta yage ya liƙe ta da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya narke ya cinye rubutun. Shi ne wanda zai kai hoton kakansa a yi masa laminatin don ya kare shi, zafin injin ya dafa fuskar tsoho. Irin waɗannan ba ka iya yi musu faɗa, don da zuciya ɗaya suka yi.

Muguwar shekararmu ta zo ne ban daɗe da fara aiki ba. A da, hotunan kowane aji da ya gama suna jere a bangon babban ɗakin taro, kowanne a cikin firem da gilashinsa. Da za a yi wa ɗakin fenti sai aka sauko da su, aka jingina su a ƙasa a wani ɗaki na gefe, aka kulle, aka tafi dogon hutu. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, iska ta yaye kwano ɗaya, ruwa ya shiga ya kwanta, gara kuma ta biyo lema. Da aka dawo hutu muka buɗe ƙofar, wari ne ya fara yi mana maraba. Na ɗaga firem na farko, gilashi na nan lafiya lau, a bayansa kuwa babu komai sai jar ƙasa. Haka na biyu, haka na bayansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce shi ke nan, an gama da mu. Malam Isiyaku ya zauna a kan benci, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Mai hoto ba guda ɗaya yake wankewa ba. Kowane ɗalibi ya tafi gida da nasa. Gobe ka zo da kekenka."

Daga nan na koyi rabin aikin da ba a ɗaki ake yin sa ba. Muka shiga bin tsofaffin ɗalibai gida-gida, cikin garin Azare da ƙauyukan ƙasar Katagum. Ba a zuwa a ce wa mutum ba ni hotonka. Sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gona, ka bari ya zagi abincin makaranta na zamaninsu ya ƙoshi, ya faɗa maka malamin da ya fi kowa bulala. Idan hira ta yi daɗi, shi da kansa zai leƙa cikin gida ya ce a miƙo masa akwatin nan na ƙarƙashin gado. Gidan rasuwa kuwa ba a tayar da maganar a zaman makoki, sai ka yi ta'aziyya ka tafi, ka dawo bayan an watse, kafin a share ɗakin mamaci a ƙone tarkace. Wasu su ba mu kyauta, wasu aro, wasu su ce mu kalla a nan mu tashi.

Hoton farko da muka samo a wannan yawon, na zare shi daga ambulan sai na ga haske ta tsakiyarsa. An yanke kan mutum ɗaya tsaf, murabba'i, an bar kafaɗu. Na ce, "Malam, wannan asiri aka yi wa wani?" Ya yi dariya har da tari. Ashe a zamanin da, idan ɗalibi ya gama makaranta zai nemi aiki ko ƙarin karatu, sai an liƙa ɗan ƙaramin hotonsa a takardar nema. Mai hoto kuwa ba kullum ake samunsa ba, idan an samu ma sai an jira wanki, ga tsada ga ɗan talaka. Sai yaro ya ɗauko hoton aji, ya sa reza ya fitar da kansa, ya liƙa, akawu ya buga hatimi, magana ta ƙare. Shi ya sa kusan duk hoton da za ka samu a hannun mai shi, kowa yana ciki sai shi. Idan kana son fuskar Audu sai ka je gidan Garba, idan kana son ta Garba sai ka koma gidan Audu. Abin da ya hana mu zubar da hoto don muna da irinsa ke nan.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu rubutun kammala karatu, waɗanda suke so ka ba su tarihin kwaleji gaba ɗaya a shafi guda kafin azahar. Akwai dattawan da suke zuwa su biyu don in raba musu gardamar wanda ya riƙe gola a shekararsu, kuma duk wanda hoto ya ƙaryata sai ya ce ranar ba shi da lafiya ne. Ranar taron tsofaffin ɗalibai mukan kafe hotuna a allo a farfajiya, mu ajiye fensir, mu ce duk wanda ya gane fuska ya faɗa. A yini ɗaya mukan samu sunayen da za mu yi shekara muna nema. Amma a duk aikin da na yi, wanda ya fi zauna mini shi ne na Malama Hadiza.

Malam Isiyaku ya daɗe da rasuwa a lokacin, Allah ya jiƙansa, ni nake riƙe da ɗakin. Wata safiya ta yi sallama, mace mai kamala wadda ta manyanta, ta ce malamar firamare ce a Bulkachuwa, ta kusa ritaya. Ta kwance wani ɗankwali a kan teburina, ta fito da hoton aji, ya yi ja don tsufa amma bai lalace ba. A layi na biyu, kusa da ƙarshe, ga ramin reza.

Ta ɗora yatsa a gefen ramin ta ce, "Malam, wannan ne mahaifina. Tun ina yarinya Inna take nuna mini wurin nan tana cewa ga babanki."

Na juya bayan hoton, ga suna da tawada, Sale. Ta ce bai daɗe da fara koyarwa ba aka yi masa aure, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu ita tana cikin mahaifiyarta. Babu wani hotonsa a dangi. Duk abin da ta sani game da kamanninsa daga bakin mahaifiyarta ne, ita kuma bara Allah ya yi mata rasuwa.

"Da tana nan, idan na tambaya takan ce dogo ne, yana da wushirya. Yanzu ba wanda zan tambaya. An ce mini kuna tara irin waɗannan. Ko sau ɗaya ne ina so in ga fuskarsa."

Ni kuwa har da gyara zama. Na ce, "Malama, kwantar da hankalinki, wannan ai ƙaramin aiki ne. Shi ya yanke nasa, amma yana nan a na abokansa." Na jawo kwalin shekarunsu, na samu muna da kwafi ɗaya na ajin, wanda iyalan wani marigayi suka ba mu. Na zare shi ina murmushi. Ramuka biyu ne a jiki: ɗaya a layin gaba, na marigayin, ɗaya kuma a layi na biyu kusa da ƙarshe, daidai inda nata yake. Murmushin ya koma ciki. Na ce mata ta ba ni lokaci.

Na ɗauki hoton a waya na tura zauren sada zumunta na tsofaffin ɗalibai da ke waya, na ce duk wanda yake da irinsa ya taimaka. Kafin magariba zauren ya kaure. 'Yan ajin da suka rage ba su da yawa, kuma yawancinsu hoton ya ɓata tun tuni, amma 'ya'ya da jikoki suka shiga zazzage akwatuna. Wani ya turo daga Kano, wani daga Misau, wani daga Potiskum. Kowanne na buɗe sai in ga abu ɗaya: ramin mai shi, da ramin layi na biyu. A shekarun da na yi ina aikin nan ban taɓa ganin mutumin da aka bi hoto-hoto ana cire shi ba. Har na fara zargin ko wani mugun abu ya yi wa ajin, na rasa yadda zan gaya wa 'yarsa.

Sai aka ce mini akwai ɗan ajin da ke Gadau, Alhaji Tijjani, tsohon jami'in ilimi, kansa garau yake. Na hau babur na same shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, rediyo a cinya. Bayan gaisuwa na ambaci Sale, sai ya kashe rediyon ya fashe da dariya.

"Sale! Allah ya jiƙan Sale. Ai ni ma ya ci mini hoto." Ya sa aka ɗauko nasa, ga ramuka biyu. "Ka ga, Malam Dauda, mu da muka gama, kowa ya nemi aiki wuri ɗaya ya zauna. Shi kuwa Sale karatu yake so ya ƙara. Duk inda ya ji ana ɗaukar ɗalibai, Zariya ne, Maiduguri ne, sai ya nema. Kowace takarda kuma tana son hoto. Da ya cinye nasa sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Zai zo maka da fara'a, ya tambayi mutan gida, ya ce, 'Tijjani, ara mini kaina.' To ya za ka hana mutum kansa? Rezar ma a aljihu yake yawo da ita, a naɗe cikin takarda."

Na yi dariya har na share hawaye, kuma na ji sanyi a raina, don ko ba komai na samo wa Malama labari mai daɗi. Amma labari ba fuska ba ne. Na fito da madubina, na ce Alhaji ya bi mini mutanen ɗaya-ɗaya, ina rubuta sunaye a bayan ambulan. Wannan ya zama hedimasta, ya rasu. Wannan ya shiga siyasa. Wannan gobara ta cinye gidansa. Da ya zo kan wani siririn yaro fari a layin baya sai ya tsaya.

"Wannan Buba ne, Bafillace. Ya fi mu duka lissafi. Washegarin da aka raba hoton aka aiko babansa ba lafiya, ya tafi, bai sake dawowa ba. Ko takardar sakamako bai zo karɓa ba. Shanu suka riƙe shi. Ina jin yana can wajen Udubo, an ce ma shi ne jauron rugarsu."

Na ajiye fensir. Mutumin da bai taɓa neman aiki ba, ba abin da zai sa ya yanke hotonsa. Wanda kuma ya bar gari washegari, rezar Sale ba ta kai gare shi ba. Haka dai na lissafa.

A ƙa'idata ba na tafiya da mai nema sai na tabbatar, don kada in ɗauki mutum da murna in dawo da shi da baƙin ciki. Na gaya wa Malama Hadiza haka. Ta ce, "Malam, mutumin da ya zauna aji ɗaya da mahaifina, ko ba hoto ai ya isa in je in gaishe shi." Na ce to, mu je. Ranar kasuwa muka shiga mota zuwa Udubo, daga can 'yan acaɓa suka ratsa da mu ta cikin gonakin gero har rugar.

Muka tarar da Jauro Buba a gindin tsamiya, tsoho siriri da farin gemu, yana tufka igiya. Ni Babarbare ne, tsagen fuskata ba ya ɓuya, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Tun kafin in sauke jakata ya ce, "A'a, yau kuma Babarbare da jaka? Idan kanwa ka kawo, mun saya jiya."

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo duba yadda kake kula masa da shanu."

"To zauna a ƙasa, bawa ba ya hawa kujera." Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo wa Malama 'yar kujera ta mata, aka ajiye ƙwaryar fura da nono. Sai da muka sha, muka taɓa hirar damina da ta makaranta, sannan na ce ga 'yar Sale na kawo masa.

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Sale ya bar 'ya? Allahu akbar. Sannu, 'yata. Sannu."

Ta ce, "Yauwa, Baffa."

Na faɗa masa abin da ya kawo mu, da yadda muka bi hotuna duk muka tarar da rami. Na ce shi ne kaɗai muke zaton Sale bai kai gare shi ba.

Ya girgiza kai. "Ai kuwa ya zo."

Ban yarda na kalli wajen Malama ba.

"A kan keke, tun daga Azare, da rana tsaka. Lokacin muna can gaba kusa da fadama. Ya yi mini ta'aziyyar babana, ya sha fura, sannan ya fito da 'yar rezarsa. Ya ce saura wuri ɗaya zai nema, kuma yana jin wannan karon za a ɗauke shi." Ya murza gemu. "Na hana shi."

Na ce, "Rowar Fulani dai."

"Faɗi ka ƙara, Babarbare. Amma ka ga, su duk sun fita da takarda, sun fita da aiki. Ni abin da na fito da shi daga makarantar nan shi ke nan, hoton. Na ce masa ba na so a huda mini aji. Ya yi roƙo, ya yi wasa, ya yi fushi, na ƙi. Ya hau kekensa ko sallama bai yi mini sosai ba. Ban sake ganinsa ba sai labarin rasuwarsa na ji a kasuwa." Ya juya wajenta. "'Yata, shekarun nan duk idan na tuna sai in ji ba daɗi. Ina cewa me zai rage ni da na bar shi ya yanka."

Ta ce, "Baffa, da ka bar shi, da yau ban zo ba."

Ya miƙe ya shiga bukka. Ya ɗan jima, muna jin ana jan akwatin ƙarfe, sannan ya fito da wata jakar fata irin ta littattafai. A ciki, tsakanin kwali biyu, ga hoton. Ko kusurwa bai lanƙwasa ba. Na miƙa hannu, ya janye.

"Wanke hannunka tukuna, ka sha fura."

A shekaruna na aiki ba wanda ya taɓa riga ni faɗin wannan, na kuwa wanke ban yi musu ba. Ya ce hoton ba zai bar gindin tsamiyar nan ba, na ce ban isa in ce ya bari ba. Na shimfiɗa farin ƙyallena a kan tabarma inda inuwa ta daidaita, na kaɗe shi da burushi, na ɗauka da kyamara har sai da na gamsu. Wannan ma ƙa'ida ce: a ɗauki kwafi kafin a miƙa wa mai nema, domin hawaye ruwa ne, kuma hoto bai san na murna ba. Malama tana zaune a kujerarta ta kawar da kai gefe, ta ƙi leƙowa.

Da na gama na ce ta ba ni nata. Jauro ya matso zai nuna mata da yatsa, na ce ya dakata. Fuskoki ne da yawa a jere, duk samari, duk da farar riga da hula, ban so ta yi ta lalube tana tambaya ko wannan ne. Na ɗora hotonta a kan nasa, na daidaita kusurwa da kusurwa, benci ya hau kan benci, bishiya ta hau kan bishiya. Ramin da ke layi na biyu ya cika.

Saurayi ne dogo, hularsa ta ɗan karkace, kowa a layin ya haɗe rai irin na ɗaukar hoto, shi kaɗai yake dariya, ga wushirya a fili.

Na ce, "Malama, bismilla."

Ta juyo. Na miƙa mata madubin, ba ta karɓa ba. Ta daɗe tana kallo daga inda take, ɗan maraƙi yana kuka a bayan bukka. Can sai ta yi 'yar dariya.

"Ikon Allah. Baffa, ashe yaro ne. Ai autana ma ya girme shi."

Jauro ya ce, "Yaro ne mana. Dukanmu yara ne."

Ta sake dubawa. Sai na ga ta gyara mayafinta, ta zame daga kan kujerar, ta tuɓe takalma, ta durƙusa a bakin tabarma ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Baba, ina wuni."